Yadda ake yanka haruffan huda masu zubin kumbo, har da Ɗ ɗin Maraɗi

Wani mai gyaran salula daga wajen babbar kasuwa ya taɓa zuwa mini da hoto a wayarsa, ya ce irin wannan rubutun yake so a saman ƙofar shagonsa. Haruffa ne masu kauri, kusurwoyinsu a daddatse, kowane harafi an tsaga shi gida biyu ko uku kamar an bi shi da reza. "Irin na jikin kumbo nike so, maigida," in ji shi. Tun daga lokacin nake samun masu neman irinsa: masu sayar da farantan sola, masu wankin babura, samarin da ke son suna a bayan rigar ƙwallo. Tsagar nan da ta burge su, larura ce ta haife ta.

In ka huda harafin O a jikin kwali don ka shafa fenti ta cikin hudar, tsakiyarsa faɗowa za ta yi, ka tashi da dunƙule. Dole ka bar ɗan siririn kwali ya riƙe tsakiyar. Shi muke ce wa gada, tsakiyar kuma tsibiri. Ranar da na fara riƙe wuƙa a wurin maigidana, lamba 8 ya ba ni in yanka. Tsibirai biyu suka zubo ƙasa. Ya ɗaga kwalin ya duba, ya ce, "Kai yaro, wagga ai gyaɗa ce ka zana, ina takwas ɗin?"

Sojoji da masu jigilar kaya sun daɗe suna buga lamba a jikin akwatuna ta wannan hanya, saboda faranti ɗaya, wato kwali ko kwanon da aka huda haruffan a jikinsa, yana rubuta akwati ɗari. Daga baya masu zanen haruffa suka ga tsagar kanta tana da kyau. A Jamus, a makarantar Bauhaus, Josef Albers ya gina haruffan huda daga murabba'i da alwatika da rubu'in da'ira kawai, Paul Renner kuma ya fitar da zubin haruffa mai suna Futura Black a 1929. A 1937 kamfanoni biyu a Amurka suka fitar da zubi mai suna Stencil, wanda ya fi kama da na akwatin soja. Wanda ya fi kusa da abin da samarinmu ke nema shi ne Stop, na Aldo Novarese ɗan Italiya, 1971, inda ya ciccire wa haruffa sassan jiki har sai da ya rage abin da ido zai gane da ƙyar. Tambarin 1975 na NASA, hukumar Amurka mai harba kumbo sararin samaniya, shi ma ya cire wa A sandar tsakiya. Duba sunan Samsung a jikin waya ko talabijin, za ka ga A ɗinsa haka yake.

Fara da tambayar ko aikin ya dace da shi

Kafin ka taɓa takarda, ka san me ake sayarwa a shagon. Wannan zubi yana da ƙamshin inji da ƙarfe da lantarki. Ya dace da mai waya, mai sola, bakanike, mai motar haya. Hajiya mai turaren wuta da humra in ta nemi shi, nakan nuna mata wani, domin allon zai yi mata kama da na masu walda. Kuma kalma ɗaya ko biyu yake ɗauka, wato sunan shago. Jerin kayan da ake sayarwa da lambar waya, a rubuta su da haruffa na sosai, cikakku. Lambobin wayarmu takwas ne, kuma mutum a bisa kabu-kabu yake karanta su yana wucewa. In gada ta sa 6 ta yi kama da 8, ka jawo wa mai shago asarar ciniki.

Sai ka auna. Ka tsaya inda mai wucewa zai tsaya, ka ƙirga taku zuwa ƙofar. Ƙa'idar da masu allo ke bi ita ce tsawon harafi santimita 2.5 ga kowace mita 3 ta nisa. Shagon da ake hangowa daga tsallaken titi, kamar mita 20, yana son harafi mai tsawon santimita 17 ko 18.

Zana a kaye tukuna

Ko kana da kwamfuta, ina ba ka shawara ka fara da kaye, wato littafin rubutu, mai ƙananan gidaje, na milimita 5, da fensir. Gidajen nan su ne za su hana ka son rai. Za mu gwada da kalmar MARAƊI, don tana da duk wahalar da za ka haɗu da ita: M mai faɗi, A biyu, R, ga kuma Ɗ mai ƙugiya.

Ka ba kowane harafi tsawon gida 9, faɗin gida 6, kaurin sanda gida 2. Lissafin R zai zama: sandar sama 2, tsibiri 2, sandar tsakiya 2, ƙafafu 3, tara ke nan. M yana son gida 8, I gida 2, Ɗ gida 6 da ƙarin 2 na ƙugiya. Bar gida 1 tsakanin harafi da harafi. Ka tara za ka samu gida 41. In kowane gida ya zama santimita 2 a jikin allo, kalmar za ta ci santimita 82 a faɗi, 18 a tsaye. Tun a nan za ka san ko za ta shiga saman ƙofar, kafin ka ɓata fenti ko ɗigo ɗaya.

Yanzu ka zaɓi yadda kusurwa za ta kasance, ka tsaya a kai. Ko dai ka datse kowace kusurwa a karkace, gida ɗaya ta nan gida ɗaya ta can, ko ka zagaye ta da rubu'in da'ira. Datsewa ta fi sauƙin yanka da wuƙa da rula, kuma ita ta fi ba da kamannin inji. Zagayewa ta fi taushi a ido, amma sai hannun da ya saba. Kada ka gauraya su a kalma ɗaya.

Gada

A nan aikin yake, kuma a nan nake gane wanda ya iya da wanda ya kwaikwaya. Haruffan da ke da tsibiri su ne A, B, D, O, R, da Ɓ da Ɗ, sai P da Q in sunan na Faransanci ne. A lambobi, 0, 4, 6, 8, 9. B da Ɓ da 8 tsibiri bibbiyu gare su.

Kowane tsibiri yana son gada biyu masu fuskantar juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa ko ɗaya hagu ɗaya dama. Gada ɗaya tana riƙe shi kam, amma kamar ƙyauren da ke da maƙalli guda: da iskar fenti ta buge shi sai ya ɗaga, fenti ya shige ƙarƙashi. Faɗin gadar, a ma'auninmu, rabin gida ne, wato santimita 1 a harafi mai santimita 18. In da kwali kake aiki ka ɗan ƙara, don kwali yana jiƙewa ya yi laushi. In ta yi siriri ta tsinke. In ta yi faɗi harafin ya watse, D ya koma I da baka a gefensa.

Abin da ke raba zubin kumbo da na akwatin soja shi ne doka ɗaya da za ka kafa wa gadojin duka. Misali, ka ce kowace gada a tsaye take, kuma tana zuwa ne daidai bayan sandar hagu. To R za ta rabu: sanda daban, ciki da ƙafa daban. D haka, B haka. Ko ka ce dukansu a karkace suke, kusurwa digiri 45, suna kallon gefe guda, kamar an sari kalmar da adda sara ɗaya. Wannan ta biyun tana sa rubutu ya yi kamar yana gudu, shi ya sa masu babura suka fi son ta. Akwai ta uku: layi ɗaya a kwance ya ratsa kalmar tun daga M har I a tsayi guda. Kowacce ka ɗauka, har haruffan da ba su da tsibiri, irin M da I da E, sai ka ba su tasu tsagar, in ba haka ba za su tsaya cikin kalmar kamar baƙi a gidan biki. Kuma M yana amfana, domin harsunan faranti da ke tsakanin sandunansa dogaye ne, gada tana ɗaure su.

Batun A. Kana iya cire masa sandar tsakiya irin na NASA, ka huta da tsibiri gaba ɗaya. Sai dai a MARAƊI na gwada na ga M da A mara sanda suna haɗuwa su zama kamar haƙoran zarto. Na fi son A mai kafaɗa a kwance, kamar ƙofar zaure, da sandarsa, a tsaga shi bisa dokar sauran. E mai sanduna uku a kwance ba tare da ta tsaye ba tana da kyau a hoto, amma dattijon da ya yi yaƙi da jahilci ba zai ce E ba ce. Kamfanin mota na Kia ya sake tambari a 2021, mutane da yawa suka riƙa karanta shi KN. In haka ta sami mai kuɗin duniya, mai shago a Sabon Gari ba shi da dalilin yin caca da sunansa. Gwajin da nake yi kullum shi ne in kira wani yaro ɗan firamare da bai san abin da na rubuta ba, in ɗaga masa takardar daga nesa. In ya yi jim kafin ya faɗa, sai in koma kan fensir.

Ƙugiyar Hausa

Mafi yawan waɗannan zubi an yi su ne don harsunan Turai, ba su san da Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ ba. Shi ya sa za ka zaga gari ka ga an rubuta KUSA a shagon mai sayar da ƙusa, DINKI a na tela. Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ina sa ran allunan Hausa za su ƙaru, kuma abin kunya ne mai fenti a Maraɗi ya kasa rubuta sunan garinsa daidai.

A manyan baƙaƙe, ƙugiyar Ɗ da Ɓ tana fita ne daga saman sandar hagu, ta yi hagu, ta lanƙwaso ƙasa. Ta Ƙ tana kan hannun sama na dama, ta Ƴ ma a hannun dama. In kana son ganin siffarsu ta asali, buɗe zubin haruffa na Noto Sans ko Andika a kwamfuta, suna da su duka. Ka gina ƙugiyar da kayan da ka gina sauran: kauri gida 2 daidai da sanda, kusurwa irin wadda ka zaɓa, ta sauko gida 3 ko 4 ta tsaya. Kuskuren da na fi gani shi ne a yi ta siririya kamar wutsiyar ɓera, a liƙa wa ƙaton harafi. Daga nesa ɓacewa take yi.

Ka sa gada tsakanin ƙugiya da sanda. Guntun farantin da ke ƙarƙashin lanƙwasar harshe ne mai rauni, shi ke fara naɗewa, gadar kuma tana kama shi ta sama. Kada ka damu don ƙugiyar ta rabu da jikin harafin. Mutanenmu sun saba ganin 'D da K' a saƙon waya, ido zai haɗa su da kansa. Abin lura shi ne tazara: ƙugiyar Ɗ tana shiga filin harafin da ke gabanta, to a MARAƊI ka tabbata ba ta taɓa kafaɗar A ba, kuma ƙasanta bai bar wani babban fili ba har kalmar ta rabu MARA da ƊI. Nakan rage faɗin ƙugiyar kaɗan, in matso da harafin rabin gida.

In da kwamfuta za ka yi

Da Faransanci police ake ce wa zubin haruffa, kalma ɗaya da ta ƴan sanda, kada ka firgita in ka gan ta a manhaja. A shafin intanet na Google Fonts akwai na huda kyauta: Saira Stencil One, Black Ops One, Allerta Stencil, Big Shoulders Stencil, Wallpoet. Suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda ka yi aikin kuɗi da su. Stop da Futura Black kuwa na sayarwa ne. Orbitron da Michroma suna da zubin kumbo amma ba su da gada, sai ka yanka musu.

Manhajar zane ta Inkscape kyauta ce kuma ta isa. Rubuta kalmar. Don shigar da Ɗ, danna Ctrl da U, rubuta 018A, ka danna Enter. Ɓ ita ce 0181, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. In ka ga akwati fanko, ko harafin ya fito da wata siffa daban da ƴan'uwansa, zubin ba shi da shi ke nan, sai ka rubuta D ka gina ƙugiyar da kanka. Mai da rubutun zane da Shift, Ctrl da C (a manhajar CorelDRAW, Ctrl da Q), ka raba haruffan. Ƙugiya mafi dacewa ita ce wadda ka yanko daga jikin zubin kansa, kamar lanƙwasar J ko kusurwar U, ka juya ta ka ɗora. Don gada, zana siririn murabba'i mai tsawo, ka kwafa shi duk inda ake bukata don faɗin ya zama ɗaya, ka zaɓe shi tare da harafin, ka danna Ctrl da alamar ragi. Zai cinye wurin.

Ka buga da girmansa na gaskiya. Takardar A4 santimita 21 ce a 29.7, harafi ɗaya mai santimita 18 yana shiga kowace. In aikin na fosta ne da za a sa a WhatsApp ko Facebook, ba yanka, ka ƙanƙantar da shi ka duba a fuskar waya. Gadar da ta yi kyau a kwamfuta takan toshe a can, sai ka faɗaɗa ta.

Yanka

Aikin yini ɗaya, kwali mai santsi ya isa. Abin da za a maimaita, irin lambar buhunan aya ko wake ko gyaɗa da ɗan kasuwa zai riƙa bugawa duk kaka, gara a kai wa maƙeri ya fitar a jikin kwano. Tsakanin biyun akwai baƙar ledar hoton ƙashi ta asibiti, wadda babbarta ke kai santimita 35 a 43. Ba ta shan fenti, tana lanƙwasuwa a jikin tankin babur, tana wankuwa. In da sunan majiyyaci a gefenta, yanke shi ka ƙone.

Liƙa takardar a kan farantin da salatif ta kowane gefe. Ɗora a kan gilashi ko katako mai santsi. Sa sabuwar reza. Tsohuwa ja take yi, kuma ja ne ke tsinka gada. Fara da ƙananan wurare da na tsakiya, ka ƙare da manyan sanduna na gefe, don farantin ya kasance da ƙarfinsa lokacin da kake aikin da ya fi laushi. Kullum ka kafa bakin wuƙa a kusurwar gada ka ja ta nesa da ita, don in hannu ya zarce ya zarce cikin abin da za a zubar. Layi miƙaƙƙe da rular ƙarfe. A lanƙwasa, farantin za ka riƙa juyawa, hannunka na wuri ɗaya. In gada ta tsinke duk da haka, liƙa salatif gaba da baya, ka sake yanke gefen.

Ka ɗan tsaga alama a gefen kowane faranti daidai gindin harafin, hagu da dama. Da ita za ka jera su a layi.

Fenti

Ƙofar ƙarfe, a goge tsatsa da samfefa, a share ƙura, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan launin ƙasa, a bari ya bushe sarai. Shafa alli a igiya, a ja ta tsakanin mutum biyu, a ɗaga a saki, layi ya fito. Nemo tsakiyar ƙofa da tsakiyar kalma, ka fara jerawa daga nan zuwa gefe biyu. Rufe kewaye da tsohuwar jarida.

In na feshi ne, girgiza gwangwanin kamar minti biyu, ka riƙe shi santimita 20 zuwa 30 daga ƙofar, yana kallon ta kai tsaye. In ka karkata, fenti zai bi ta ƙarƙashin gada. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da ɗan jira a tsakani. Wanda ya ce zai gama da shafi ɗaya, hawaye zai gani suna gangarowa daga gindin kowane harafi. In da soso ne, tsoma shi kaɗan, ka daddanna a kan kwali har ya kusa bushewa, sannan ka riƙa dangwalawa, kada ka goga. A jikin buhun leda soso ya fi, domin saƙar tana jan fenti mai ruwa ya bazu.

Lokaci ma yana da nasa. A hunturu ka fito da sassafe kafin iska ta tashi. Na taɓa fesa baƙin allo da hantsi, ƙura ta manne masa ya koma kamar samfefa, sai da na goge na sake da kuɗina. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi na wuce maki 40, ƙarfe yana yin zafin da fenti ke bushewa kafin ya zauna, to ka bi inuwa. Da damina kada ka rubuta a bangon da bai tsane ba. Launi kuwa, fari ko rawaya a kan baƙi ko shuɗi mai duhu ya fi fitar da gada. Ja yana saurin koɗewa a ranarmu.

Cire farantin tun fenti bai gama ƙamewa ba, ka ɗaga shi kai tsaye, kada ka ja shi gefe. A nan hannun tsohon mai fenti zai yi ƙaiƙayi, domin an koya mana mu bi gadoji da ɗan buroshi mu cike su don kada a gane da faranti aka yi. A wannan aikin ka bar su. Na taɓa barin yarona ya ƙarasa wani allo na tafi sallar azahar, na dawo na tarar ya cike su tsaf yana jiran yabo, mai shagon kuma yana tsaye yana tambayar ina kumbonsa.

Goge farantin da tsumma da ɗan kananzir kafin fentin ya taurare a bakin hudar, in ba haka ba kowane aiki zai riƙa cin kaurin harafin yana ƙara wa gada. Rubuta sunan mai shi da tsawon harafin a kusurwa, ka sa takarda tsakanin faranti da faranti, ka ajiye su a kwance ƙarƙashin tabarma ko katifa, nesa da rana. Ledar asibiti in ta sha zafi ta kanannaɗe, ba ta ƙara kwanciya a jikin ƙofa.